Zauren Goggo: Rago, Suya da Surukai

Assalamu alaikum. Zulƙida ya raba, kuma saƙonnin da suka shigo mani wannan karon kusan duk ƙamshin Babbar Sallah suke. Na taƙaita wasu, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Abin da na lura da shi tun kafin in ɗauki biro, kusan kowa ya rubuto mani abin da bai taɓa buɗe baki ya faɗa ma wanda abin ya shafa ba. Mu Katsinawa ana yi mamu kirari da ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba, kuma ina alfahari da haka. Amma karar da za ta sa ka haɗiye magana tun yanzu, ta zo ta fashe ranar jajibere gaban baƙi, ba ta amfani kowa ba.

Tambaya: Goggo, ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Katsina, mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Albashina bai cika N120,000 ba. Na leƙa kasuwa, ragon da ba zan ji kunyar ɗaurewa a ƙofar gida ba an ce mani N300,000. Bara bashi na ci na yanka, ban gama biya ba sai bayan Mauludi. Bana maiɗakina ta fara cewa yaranta ba za su zauna suna haɗiyar yawu ba, ga mahaifiyata a Kaita ta saba ina aika mata. Wani abokin aikina ya ce zai haɗa ni da mai ba da rago bashi, a riƙa cira daga albashi. In karɓa?
— Magidanci, Sabuwar Unguwa

Amsa: Ɗana, kada ka karɓa. Ka ce ma abokin naka ka gode, Allah ya bar zumunci.

Sake karanta abin da ka rubuto: ragon da ba za ka ji kunyar ɗaurewa a ƙofar gida ba. Ashe ma'aunin naka idon masu wucewa ne. Su kuwa kafin la'asar ɗin ranar Sallah sun manta da ragonka, kai ne za ka riƙa tuna shi duk ƙarshen wata in alat ya shigo a gutsure. Tun muna yara ake cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ba zaginka nake ba, kai ma ka ɗanɗana bara.

Layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, ba farilla ba ce, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce wanda kuɗin dabbar zai taɓa lalurar gidanshi ba a neme ta a wurinshi ba. An ruwaito Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sukan bar yanka, don kada mutane su ɗauka wajibi ne. Tsadar nan kuma ba gazawarka ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin ɗauko dabba ya tashi, dusa da harawa suka bi, ɓarayin daji sun kore garkunan mutane a yankunan Batsari, Safana, Jibiya da Ɗanmusa, ga shi a 2025 gab da Babbar Sallah hukumomin Nijar suka hana fito da dabbobi, abin da kasuwar kan iyaka irin ta Mai'aduwa ta ji a jikinta.

In kana da ɗan abin da za ka iya fiddawa ba tare da bashi ba, tunkiya layya ce, akuya da taure ma layya ne, muddin sun shekara kuma ba su da aibi irin ido ɗaya, gurguntaka, ciwo ko muguwar rama. Kwanakin yanka kuma uku ne, ranar Sallah da biyu bayanta. Sau da yawa wanda ya kawo dabbobi daga nesa ba shi son sake biyan kuɗin mota ya mai da su, sai ka ga farashin kashegari ya sha bamban da na jajibere. In za ka je, kada ka tafi da yara, kada ka sa babbar riga. Ka ɗauki wanda ya san dabba, ya buɗe bakinta ya duba haƙori, ya dafa gadon bayanta ya ji nama ne ko gashi, don akwai masu ɗirka mata ruwan dusa cikinta ya cika fam. Ka taya ƙasa, in an ce albarka ka yi gaba, dillali zai biyo ka in da ciniki. In wannan ma bai samu ba, ga watanda, ku haɗu ku sayi sa a kasa. Ko ta zama layya ko ba ta zama ba, malamai sun yi saɓani, ka tambayi naka. Yaro dai ba shi tambayar hukuncin naman da ke kwanonshi.

Saura babban aikin, wanda kake gudu. Ka gaya mani albashinka, ni da ba ka taɓa gani ba. Maiɗakinka ta san shi? Na fi zaton a'a. Yau bayan isha'i, in yara sun yi barci, ka ɗauko takarda ku zauna. Ka rubuta abin da ke shigowa, ka rubuta kuɗin makaranta, cefane, wuta, da watannin da ka yi kana biyan ragon bara. Ka ƙara da abin da maza ke mantawa: rago ba shi soya kanshi, akwai man gyaɗa, itace, kayan yaji, ladan mahauci. Sannan ka tura mata takardar ka ce, "Me kike gani za mu yi?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganarta ta yara ba ƙarya ba ce, ita ke gida da su sa'ad da ƙamshin suyar maƙwabta ke tsallako katanga, kai kana majalisa. Amma yawancin mitar da mata ke yi a kan rago, zato suke akwai kuɗin, ƙwauro dai ake yi masu. Wadda aka nuna ma lissafi aka nemi shawararta, da wuya ta zaɓi bashi.

Hajiyarka kuma ka kira ta a makon nan, ba ranar Arfa ba. Ka ce mata bana abin ya yi nauyi, ga abin da za ka iya aikowa. Uwa ba ta fushi da babu. Abin da ke ɓata mata rai shi ne ta zuba ido har jajibere, ta riga ta gaya ma maƙwabta ragonta na hanya, sannan ta ji shiru. In kasuwa ta faɗi bayan Sallah, ka nemi ɗan matashin rago ka kai mata Kaita ta kiwata maka, kana aika kuɗin dusa.

Tambaya: Goggo, ni 'yar cikin garin Katsina ce, mijina ɗan Daura, aiki ya kai mu Abuja. Duk Babbar Sallah gidansu muke zuwa. Su uku ne maza, kowa ya yanka a tsakar gidan Hajiya, ga nata na huɗu. Matar babban wansu daga ta gaida Hajiya sai ta ce bayanta ke ciwo. Ƙannenshi mata sai la'asar suke zuwa da kulolinsu. Ni da faccalata ɗaya mu ne wankin kayan ciki, mu ne babbaka, mu ne suya, kwana biyu cur. Ko Hawan Magajiya, hawan dawakin da ake yi a Daura da Sallah, ban taɓa gani ba. Iyayena sai dai in gaishe su ta waya, don ranar da muka gama aiki ranar muke juyawa. Bana na yi niyyar in ce mashi ba inda za ni. Na yi laifi?
— Matar ɗan Daura

Amsa: Ɗiyata, gajiyarki gaskiya ce. Wanda bai taɓa zama gaban daro ba ya ɗauka suya juya nama ce kawai a kasko. Bai san tumbi sai an zuba mashi ruwan zafi an kankare har ya yi fari ba, hanji sai an bi shi an tatse an ɗauraye an kitse, kai da ƙafa sai an babbake an kankare da wuƙa, hayaƙi na shiga ido, ƙuda na bin hannu, goyo na kuka a baya. Sannan a zo kan suyar kanta, mai na fallatsa a damtse, duk yaron da ya gitta sai ya miƙo hannu, a aiko daga zaure a ce a kai ma baƙi hanta. Na rago ɗaya ke nan, ke kuwa huɗu kike magana. Lallen da kika biya kuɗi aka zana maki a Abuja, kafin azahar ya bi ruwa.

Amma "ba inda za ni" ba za ta fisshe ki ba. In kika ƙi zuwa, ba wanda zai tuna suyar shekarun baya. Labarin da zai zaga dangi shi ne 'yar Katsina ta raba Hajiya da ɗanta da jikokinta ranar Sallah. Ita ma tsohuwar ki yi mata adalci, shekara take tana jiran kwanakin nan. Ki je, amma a gyara tafiyar tun daga Abuja.

Da mijinki za ki yi maganar, ba da Hajiya ba, ba da matar yaya ba, kuma ba a cikin mota an wuce Kazaure ba. Yanzu, da sauran kwanaki. Kada ki fara da "danginka", duk namijin da ya ji haka kunnenshi ya toshe. Ki fara da aikin: raguna huɗu, mata biyu. Sai ki faɗi abin da kike so a fili.

A ɗauko masu aiki. Ba garin da babu matan da ke wankin kayan ciki da suya a biya su, kuma nema suke a irin wannan lokaci. Maza ukun da suka iya sayen raguna ba za su kasa haɗa ladan wuni biyu ba. Shi zai kira 'yan'uwanshi su shirya, a bar ma Hajiya ta zaɓo matan da ta yarda da tsabtarsu, kin ga an ba ta girmanta. In sun ƙi, to kowace ta ji da ragon mijinta, na Hajiya a taru a kai. Mai ciwon baya in ta ga ragon mijinta kwance ba mai taɓawa, ko dai bayan ya warke ko ta nemo mai yi mata, duk wanda aka yi ya yi.

Sannan kwana ɗaya na iyayenki ne. Daura zuwa Katsina tafiyar kamar kilomita 80 ce, ba ta kai a ce shekara da shekaru ba ki yi Sallah da mahaifiyarki ba. A sa shi cikin lissafi tun farko: rana ta uku ku karya ku kama hanya, ku kwana Katsina, ku juya daga nan da sassafe, don hanyoyinmu yanzu ba na tafiyar dare ba ne.

Sai sharaɗin da in babu shi duk abin da na faɗa ya rushe. In zai sanar da Hajiya ya ce, "Hajiya, na yanke shawarar bana kaza da kaza." Kada ya kuskura ya ce wai ke kika ce. Maza, da ku nake. Wannan "ta ce" da kuke fakewa bayanta don ku fita fes, ita ke haɗa uwa da suruka gabar da ba ta ƙarewa. Abin da uwa za ta karɓa daga bakin ɗanta da "to, Allah ya kai mu", in ta ji daga matarshi ya fito sai ya zama raini.

Ƙannen miji masu zuwa da kula kuwa, ki rage masu wuta. Yawancinsu daga gaban nasu kaskon suka taso, a gidan wata Hajiyar.

Tambaya: Na kai ɗinkin yarana wurin tela, ya ce in dawo ana gobe Sallah. Ƙaramar Sallah haka ya yi mani, sai da muka raba dare a shagonshi, autata ta je idi da tsohon kaya tana kuka, babansu ya huce a kaina.
— Maman yara, Ƙofar Marusa

Amsa: Telan da ya ce maki jajibere, ya gaya maki ba zai ɗinka ba ne cikin ladabi. Je ki karɓo kayanki gobe. In kin samu wanda zai ba ki rana mako guda kafin Sallah, ki ba shi rabin kuɗi, cikon sai kaya a hannu. In ba ki samu ba, shiga Babbar Kasuwa ki saya ma ƙananan na kanti, yadin ya jira bayan Sallah sa'ad da teloli ke hamma a bakin shago. Ba su kaɗai ke da laifi ba, mu ke kai masu a ƙurarren lokaci, ga wuta ba tabbas, kunya da kwaɗayi kuma su hana su cewa a'a. Shi kuma baban nasu, tunda ya iya faɗa, wannan karon shi ya je karɓowa.

Tambaya: Matana biyu gida ɗaya, uwargida 'ya'ya shida, amarya ɗaya. Duk Sallah sai an yi rigimar rabon nama. Uwargida ta ce a raba da yawan baki, amarya ta ce biyu za a raba tunda ɗaki biyu ne. Ni in an gama fiɗa sai in bar masu gidan, in dawo in tarar ba mai yi ma wata magana.
— Mai mata biyu, Rafindaɗi

Amsa: Malam, ka yanka, ka wanke hannu, ka gudu, ka bar mata biyu da shari'ar da kai ne alƙalinta. Kowace a cikinsu na da hujja, shi ya sa ba za su taɓa gamawa ba.

Ka zauna a gida. Ka fara fidda na sadaka da na kyauta: maƙwabta, iyayenka, iyayen kowace daidai wa daida, cinya nan cinya can. Abin da ya rage, ka ware ma matan nasu na ɗaki kashi biyu daidai, na yara kuma a ƙirga kai. Ka ga an raba biyu, an kuma raba da yawan baki. Wurin kason matan, ɗaya ta kasa ɗayar ta fara ɗauka, baɗi a juya. Ka faɗi tsarin nan tun yanzu su biyun na zaune, don dokar da aka kafa nama na gaban mutane kowa zai ce don a cuce shi aka yi ta. Girki kada ka taɓa shi, ranar da Sallah ta faɗo mai kwana ke da kwananta, wata ne ya raba ba kai ba. Kayan Sallah kuma ka ba kowace kuɗi iri ɗaya ta zaɓo da kanta, leshi da atamfa ko kuɗinsu ɗaya ido ba zai yarda ba. Ka san hadisin wanda ke da mata biyu ya karkata ga ɗaya, zai tashi ranar ƙiyama ɓarin jikinshi a karkace. Majalisa ba ta gudu, ka same su bayan la'asar.

Tambaya: Goggo, shekarata bakwai da aure Allah bai ba ni haihuwa ba. Ina son Sallah amma ina tsoron yawon gaisuwa. Duk gidan dangin mijina da muka shiga sai wata ta dubi cikina ta ce "har yanzu shiru?" Wata ta ba ni sunan mai magani, wata ta ce mashi a gabana ai sai ya ƙaro. Shi sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. In mun dawo in kwana kuka, ya ce na cika ɗaukar magana da zafi.
— Ɗiyarki, Daura

Amsa: Ɗiyata, ba ki cika ɗaukar magana da zafi ba. Maganar ce mai zafi.

Bari in fara da sa'o'ina, tunda wasunsu na karanta wannan shafi. Hajiyoyi, tambayar nan me kuke so a amsa maku? In da ciki, ai zai fito ku gani. In babu, kun tuna mata abin da ko cikin barci ba ta mantawa, a ranar da ta yi kwalliya ta zo gaishe ku da nama a hannu. Allah ya faɗa a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, shi ke ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa ma wani duka biyun, ya bar wanda ya so ba haihuwa. Ba a wakilta goggonni su bi sawu ba. Haka 'yan matan da suka gama karatu ba su yi aure ba, da zawarawa, da saurayin da bai samu aiki ba: ku amsa gaisuwarsu, ku ba su goron Sallah, ku ƙyale su.

Ke kuma, ba zan ce ki daina zuwa ba, ɓuya na ƙara ma masu magana abin faɗa. Amma ba dole ki wuni ba. Ku je da hantsi kafin gida ya cika, ku gaisa, ku aje abin da kuka kawo, ku tashi, don maganar banza sai zama ya yi tsawo take fitowa. Ki tanadi amsa ɗaya tun daga gida: "A dai ci gaba da sa mu a addu'a, Inna." In an ƙara, ki maimaita ta da fara'a, ki miƙe ki ce bari ki gaida mutanen ɗakin can. Kada ki shiga bayanin asibiti a tsakar gida, duk abin da kika faɗa a nan kafin magariba ya zaga unguwa.

Amma maganin abin na hannun mijinki, danginshi ne. Murmushin nan da yake, shi a ganinshi kara yake yi ma manya, su kuwa sun ɗauke shi izini. Magana ɗaya daga bakinshi cikin ladabi, "Goggo, a bar zancen nan, ni da ita Allah muke jira," ta isa ta kashe shi a gidan gaba ɗaya, don ba su son ɓacin ran ɗansu. Ki gaya mashi haka kafin Sallah, a lokacin da ba kuka kike ba, ki ce abin da kike roƙo ke nan, ba faɗa da kowa ba. In ya ji nauyin faɗa a taro, ya samu mahaifiyarshi shi kaɗai tun kafin ranar, ita ta tsawata ma sauran.

Tunda kuma ana ta ba ki sunan masu magani: rashin haihuwa na iya zama daga mace, na iya zama daga namiji, na iya zama daga su biyun. In za a je asibiti bayan Sallah ku je tare, a duba kowa. Gwajin namijin ma ya fi sauƙi.

Tambaya: Yayyena maza biyu shekara uku ke nan ba su magana, tun rabon gonar mahaifinmu a Batagarawa. Ranar Sallah ɗaya ya zo gaida Inna da safe, ɗayan sai ya tabbatar ya tafi sannan ya shigo. 'Ya'yansu ma sun daina shiga gidajen juna. Inna ba ta cewa komai, amma ko naman ba ta iya ci. Ni ne ƙaraminsu. Na yi niyyar bana in tara su gabanta bayan idi a baje komai a faifai.
— Autan Inna, Ƙofar Guga

Amsa: Auta, niyyarka kyakkyawa ce, ranar ce ba ta yi ba. Ranar Sallah kowa a gajiye yake, ya tashi tun asuba, ya kashe kuɗi, gida cike da mata da yara da baƙi. Maganar gona in ta tashi gaban matansu ba mai saukowa, don a lokacin ba gonar yake karewa ba, girmanshi yake karewa. Ƙarshenta Inna ta ga abin da ya fi shirun muni.

Gaba daban, gona daban. Gabar ce ta gaggawa, don Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya hana musulmi ya ƙaurace ma ɗan'uwanshi fiye da kwana uku, kuma malamanmu sun ce sallama na fitar da mutum daga ƙauracewar. To abin da za ka nema bana ke nan, kada ka ɗora komai a kai: su haɗu a ɗakin Inna, su yi musabaha, su ce ma juna barka da Sallah.

Kuma ba kai za ka kira su ba. Kai ƙane ne, kowannensu na iya ce maka yaushe aka haife ka. Ka nemi wanda dukansu ke jin nauyi, kawunku ko wani aminin marigayi, ya samu kowa shi kaɗai cikin goman farko na Zulhajji. Ya gaya mashi ƙarfe nawa, ya yi mashi alkawarin ba mai ta da maganar gona a wurin. Kada a yi ma kowa kwanton ɓauna, wanda ya shigo ya tarar da abin da bai san da shi ba juyawa zai yi. In an yanka, ka ɗauki 'ya'yan wannan su kai nama gidan wancan, na wancan su kawo nan, kai ka raka su. Da wuya babba ya mai da kwanon da ɗan ɗan'uwanshi ya kawo.

Gonar a sa mata rana bayan Sallah. A samu malamin da ya san ilimin gado, a zo da dagacin wurin da dattawan da suka san iyaka, a auna, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu, har da 'yan'uwanku mata in akwai, don ban ji ka ambaci rabonsu ba. In abin ya gagara a gida, kotun shari'a aikinta ke nan, kuma zuwa can ba yanke zumunci ba ne. In ɗaya ya ƙi zuwa gaisuwar duk da kawu ya sa baki, kada ka kai ma Inna labarin yadda aka yi, kada kuma ka kai ma ɗayan. Ka bar kawun ya sake komawa bayan Sallah.